Minti Goma Sha Ɗaya a Kan Ƙanƙara

Akwai wata ranar Lahadi da na san ko tsufa ya kwashe mini komai, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce na fara ganin ɗana a bakin aikinsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a garin Largo kusa da Washington, daga Jos muka zo da maigidana. Ɗanmu na fari a nan aka haife shi, kuma tun yana shekara shida ya maƙale wa wasan hoki, wanda ake yi a kan ƙanƙara da sanduna da takalman zamiya. Mai tsaron gida ne, wato shi ake harbo wa wani baƙin faifan roba mai tauri kamar dutse. Na ga fasassun fuskoki da yawa a wurin aiki, shi ya sa ban taɓa iya zama kallo ba. Ubansa ke kai shi.

Bayan jami'a babu babbar ƙungiyar da ta ɗauke shi. Shekara biyar yana yawo a ƙananan ƙungiyoyi, bana wannan gari, baɗi an sayar da shi wani. Ni kuwa na hana shi sakat, duk waya sai na ce, "Wai yaushe za ka nemi aikin gaske?" Yanzu in na tuna kunya nake ji.

A shekara ta biyar yana wata ƙaramar ƙungiya da ke ƙarƙashin babbar ta Washington. Ya zo hutun kwana biyu, ya same ni ina tuƙa tuwo, ya ce da karyayyar Hausarsa, "Mama, na gaji. In kakar wasan nan ta ƙare zan bari." Na yi murna a ciki, na ɓoye.

Washegari muna shirin coci wayarsa ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin masu tsaron gidan babbar ƙungiyar ya kwanta rashin lafiya, ana son ya zo ya zauna a bencin 'yan jiran canji a wasan la'asar. Ya kasa zama, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa falo. Can ya tsaya a gabana. "Mama, ki zo. Ko ban shiga ba, ki zo."

A cikin jirgin ƙasa ga kujeru fayau, amma a tsaye na tafi har Washington. A filin ma ban san me ake yi ba, benci kawai nake kallo, ina roƙon Allah kada a sa shi. Saura minti goma sha ɗaya a tashi, mai tsaron gidan ya gurɗe gwiwa. Na ga ɗana ya ja hular kwanonsa ya sulala cikin fili.

Na miƙe, maigida ya jawo ni. Na sake miƙewa, ya ce, "Ki zauna mana, kina tare wa mutane." Harbi na biyu ya same shi a hula, ƙarar har inda muke. Ya girgiza kai, ya sake duƙawa. A nan na daina tsoro na soma kallo. Na ga yadda yake sanin inda faifan zai bi tun kafin a harbo, kamar yadda hannuna ke gano jijiya ba sai na duba ba. Harbi ɗaya ya wuce shi, sauran duk ya tare.

Da ya fito ya ce, "Kin rufe ido?" Na ce ban rufe ba. Ya riƙe hannuna, ya yi dariya.

Bayan kwana uku aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyar. Ya ƙara shekara biyu, ba a sake kiransa ba, yanzu yana horar da yara a garin Gaithersburg. Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsorona nake kira kulawa, har na yi shekara ashirin ina raina abin da ban taɓa gani ba. Yanzu kafin in yanke hukunci a kan aikin wani, sai na je na zauna na kalla.