Ƙaramin Yatsan Baba Ɗan'azumi

Da an idar da sallar asuba a unguwar Garin Malam da ke Damagaram, za ka ji kekensa kafin ka gan shi. Ba ƙararrawa ba ce, wani tsohon gwangwanin madara ne da ya ɗaure a bayan sirdi, cike da kusoshi da ƙananan ƙarafa, yana ta kacau-kacau. Zai tsaya wurin mai koko ya sha a tsaye, ya yi mata ƙorafin sukari bai ji ba, sannan ya wuce rumfarsa a inuwar itacen bedi, can wajen Kasuwar Dole. Wannan shi ne Baba Ɗan'azumi kafinta, kuma tun kafin a haife ni yake bin wannan hanya.

Manyan kafintoci su ne masu gado da kujerun amare. Shi nasa aikin abin da suka raina ne: ƙofar da ta ƙi rufuwa, aljihun teburin da ya cije, kujerar da ke rawa da mutum. Bana ya ce idanunsa sun gaji, da damina ta faɗi zai koma gonarsa a Tirmini. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun yana cikin gari, a karanta masa, ya ce ƙarya nake yi.

A ɗakin girkina akwai falakar, akwatin katakon nan na jikin bango da ake jera kwanoni. Ƙofarta ta ƙasa daidai take da tsawon 'yata Ilham, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ƙofar nan sai ta canza hali. Ta tsaya a buɗe kamar ba ruwanta, ana taɓa ta kaɗan sai ta rufo da ƙarfi, fam! Ran nan ina tankaɗe, na ji ihu. Ta datse wa Ilham yatsa. Bai karye ba, Allah ya kiyaye, amma ya kumbura, ni kuwa na wuni ina duba shi kamar zai faɗi.

Na ce wa maigida a buga wa ƙofar kusa a huta, ko a cire ta a hura wuta da ita. Ya ce haba Madam, ƙaramin aiki ne. Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ƙofar da ita. Da can cizo take yi, yanzu ta koma harbi. Har shi sai da ta same shi a gwiwa, ya ce wai ya gwada ne.

Maƙwabciyata Balki mai abinci ita ta ba ni lambar Baba. Da na kira shi bai tambayi komai ba, cewa ya yi in kara wayar kusa da ƙofar in rufe. Ya saurara.

"'Yata, sharniyar ce, ƙarfen da ke riƙe ƙofar," in ji shi. "Akwai rasor a ciki. Na sama ya mutu, na ƙasa ya haukace. Ki ce wa maigidanki ya sayo rasor biyu, ina zuwa bayan azahar."

Rasor shi ne ɗan ƙarfen nan mai murɗe-murɗe da ke jawo ƙofa ta koma wurinta. Na kira maigida yana tsakiyar hayaniyar kasuwar hatsi na faɗa masa. Ya ce ya ji. Bayan azahar suka shigo kusan tare, Baba da gwangwaninsa, maigida da ɗan ƙunshi. Aka kwance ƙunshi, sai ga razwar na aski guda biyu, sababbi, suna walƙiya.

Na sure Ilham na goya ta a take. Ina neman raba 'yata da ƙofa mai cizo, an kawo mini reza cikin gida!

Baba ya ɗaga razwar ɗin ya juya shi a haske. "Alhaji, gyaran ƙofa aka kira ni ko askin suna? In aski ne an yi ɓatan kai, wanzami yana layin baya."

"Abin da ta faɗa na sayo," in ji maigida.

"To ka je ka yi gyaran fuska da shi, kada ya tashi a banza."

Baba ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara fiye da ƙofar. Ya kwance sharniyar, ya zazzage gwangwaninsa a kan buhu, ya dinga tono yana matsa kowane rasor tsakanin yatsu. Wanda ya yi ƙarfi ya ajiye gefe. Ilham na leƙo shi ta bayana, ya ce, "Amaryata, ke ce kika kai ƙarar ƙofa? Yau za a yi mata hukunci a gabanki."

Da ya mayar da komai, na ɗauka an gama. Sai na ga ya miƙa ƙaramin yatsansa na hagu ya aza a bakin falakar, daidai inda na Ilham ya datsu. Farcen baƙi ƙirin, ya tanƙware kamar ƙwaryar gyaɗa.

"Rufe," ya ce.

"Baba, yatsanka fa."

"Ai shi na kawo. Rufe."

Na tura ƙofar a hankali kamar mai rufa wa majinyaci bargo. Ya harare ni.

"Haka kike rufewa in miya na ƙonewa, yarinya na kuka, ga baƙi a tsakar gida? Rufe irin na ranar nan."

Ni ba na wasa da abin da ya shafi 'yata. Na tuna ranar, na sake ta da iyakar ƙarfina.

Ƙofar ta datse yatsan Baba, fam! Ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki na ɗan lokaci, hawaye ɗaya ya gangaro cikin gemunsa. Maigida ya ce sannu, ni na ce na shiga uku.

"Ba ta yi ladabi ba tukuna," in ji Baba. "Miƙo mini turnabis ɗin can na kwance kusa. Kai kuma Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, da wannan hannun kake zaune."

Ya sake kwancewa. Ya sa rasor mai laushi, ya yanko guntun fata daga tsohon takalmi ya manna a kusurwa. Ya sake aza yatsan, wanda har ya fara kumbura. Na ce wallahi ba zan ƙara ba. Ya ce in ban gwada a nasa ba, a na wa za a gwada? Na rufe ido na bugo. Ƙofar ta taho da gudu, ta ɗan tsaya, ta kwanta a kan yatsan kamar kyanwa.

Ashe ba a kaina ya fara ba. Balki ta ce haka ya yi da akwatin da take ajiye cokula, har masu cin tuwo suka bar kwano suka zo kallo. Wata malamar lekol, makarantar bokon unguwarmu, ta shaida mini cewa murfin teburan aji ɗaya sai da ya bi su duka da yatsan nan, yara na ƙirga masa "wayyo" da Faransanci. Ba wanda ya sa shi. Ba wanda zai kama shi in ya tafi bai yi ba.

Kai ne, Baba, mai ba da yatsansa aro ga yaran da ba nasa ba. Kai ne ka san ƙofa ba a gaban mai gyara take nuna halinta ba, sai ya tafi, uwa ta juya baya. Jiya Ilham ta manta hannunta a bakin falakar ta turo ƙofar da goshi. Na zabura. Ita kuwa ta zaro hannun, ta duba, ta yi dariya, ta sake.

Na gode, Baba, a madadina da sauran iyaye mata da ba su san wanda ya sha cizon a madadin 'ya'yansu ba. Allah ya ba ka damina mai albarka, ya hutar da yatsan nan. Matasan kafintoci na Damagaram, ban ce ku nakasa kanku ba. Amma kafin ku ce an gama, ku durƙusa daidai tsawon yaron gidan, ku dubi aikinku daga can.

Sai dai Baba, kafin ka hau motar Tirmini ka ɗan biyo ta gidanmu. Amaryarka ta gano ƙofar firigo, wato firijinmu.