Ɗamarar Saƙar Ertie Halcrow Ba Ta Gilashi Ba Ce

Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi, Ertie Halcrow ya rasu a gidansa da ke Scalloway, wani garin masunta a ƙasar Turawa, yana da shekara saba'in da tara. Mun binne shi ranar Asabar, kuma a ranar muka ci amanarsa.

Ertie, shekara goma sha shida ke nan da injin yanka kifi ya cinye mini yatsu biyu. Nesa da Gusau, ba dangi, ba aiki, ina zaune bakin tashar jiragen ruwa kamar an jefar da ni. Ka zo ka tsaya kaina ka ce, "Kai ɗan Afirka, ragowar takwas ɗin ma sun mutu ne?" Ka ja ni rumfar gyaran komarka, ka ɗaura mini ɗamarar fata ta mahaifiyarka, mai hudojin da ake soke allurar saƙa ɗaya a ciki ta tsaya da kanta. Da ita mai guntun hannu ke saƙa. Daga baya ka ɗinka wasu bakwai.

Ba ka da sauƙi, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ka warware mini hannun suwaita sau huɗu, ka ce ko tunkiyar da aka aske za ta ji kunya. Amma duk Alhamis rumfarka a buɗe take, ga shayi, ga ulu: mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ya bar giya yana neman inda zai sa hannunsa, wanda matarsa ta mutu. Mu goma sha ɗaya. In an yi maka ihu a titi, "Ertie, saura siket!" sai ka ce, "Turo awon ƙugunka." Mu kuwa cikin jakar kayan aiki muke ɓoye saƙarmu, don a nan aikin mata ake ɗaukarta.

Bayan jana'iza, a zauren shayi, 'yarka Merran ta tashi ta ce gidan tarihi sun nemi akwatin ɗamarunka da alluranka, amma in akwai masu amfani da su, su faɗa. Ertie, muna nan, mu tara. Lowrie Tulloch, wanda ka zauna da shi wata shida har hannunsa ya daina rawa, ya kafa wa kofinsa ido. Ni ma ban yi magana ba. Na ji tsoron dariyar mutanen da ko sunana ba su iya faɗa daidai ba. Tir da mu.

Ban ga laifin gidan tarihi ba, aikinsu suke yi. Amma ɗamarar da aka kulle a gilashi ba ta koya wa kowa komai, kuma duk shekara inji da teku ba su fasa cin hannayen maza ba.

Merran, ga amsar da na hana ki: ni, Labaran Maikwano, ina saƙa, mahaifinki ne ya koya mini. Kada ki ba da akwatin. Alhamis zan buɗe rumfar. Sauran takwas, wanda bai zo ba, zan rubuta sunansa a wannan shafi kamar yadda na rubuta na Lowrie.

Ina miƙa ta'aziyya gare ki, da Baabie mahaifiyarki, da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma Ertie, Allahn da ya ga abin da ka yi wa baƙo ya yi maka sakayya. Mu kuma ka yafe mana Asabar.