Tsuntsun da ya so rushe mini taswira

Ƙarfe biyu da kwata na wata Talata komai ya fara dagulewa. Lokacin arzikin fetur ne, ina karatu a Landan, saura mako guda in miƙa taswirar mazaunin kowane reshe na dangin wani tsuntsun Asiya mai waƙa. A ɗakin ajiyar busassun tsuntsaye na tsinci guda mai dogon fiffike irin na mazauna tsauni, amma takardar ƙafarsa ta ce bakin teku. In haka ne, aikin shekara biyu ya rushe.

Kwana uku ina sake aunawa, kunya ta hana ni tambaya. Daga ƙarshe na nuna wa dattijuwar da ke kula da ɗakin. Ta duba sunan wanda ya harbo tsuntsun a jikin takardar.

"Wannan maharbin?" in ji ta. "Ai tashar jirgin ruwan da ya loda akwatunansa yake rubutawa, ba inda ya harbo tsuntsayen ba."