Minancin Mai Gawayi

Da gemuna na sauka Lome. Kawuna ne ya aika a kira ni daga arewa in zo in riƙe masa keken ɗinki a zango, don idanunsa sun fara gajiya da zare. Lokacin Faransa ke riƙe da ƙasar, ko da yake tsofaffi ba su daina ba da labarin Jamus ba. A cikin zango ba ka bukatar wani yare. Daga liman har mai tsire, da Bazabarme da Bayarabe, kowa Hausa yake yi. Amma da ka fita ka nufi kasuwa, sai Minanci, yaren mutanen gari.

Ranar farko da na bi kawu babbar kasuwar Adawlato sayen yadi, na ga mata biyu sun tsaya suna zuba magana, hannu na tashi yana sauka. Na ja rigar kawu na ce mu kauce, faɗa za a yi. Ya ce gaisawa suke.

"Kawu, to yaushe suke numfashi?"

"In ka koya sai ka tambaye su," in ji shi.

Wadda ta koya mini wata tsohuwa ce daga unguwar Bè, mai kawo mana gawayin dutsen guga. Kowace safiya takan sauke kwandonta a ƙofar shagonmu, ta zauna a kan benci ta huta kafin ta ƙarasa cikin zango. Mama nake kiranta, don kuwa haka suke kiran kaka a yarensu. Ita kuma takan ce mini "vinye", wato ɗana. Da nuni muka fara. Ta ɗaga gawayi ta faɗi sunansa, ta nuna almakashi, ta nuna ruwa. Maganarta a hankali take, kowace kalma sai ta ja ta, ta ajiye, ta dube ni, sannan ta ɗauko wata. In na maimaita daidai sai ta ɗora mini hannu a ka ta sa mini albarka. Albarkar ma na haddace ta.

Damina ɗaya muka yi a haka. Na kai har ina iya hira da ita kan ciwon gwiwarta, da jikokinta, da yadda kifi ya yi ƙaranci. Sai kaina ya fara girma. Na ce wa kawu ai Minanci ba wani abu ba ne, tsoronsa kawai mutane ke ji. Kawu bai musa ba. Ya ɗago daga hular da yake dubawa ya ce, "Madalla. Gobe kai kaɗai za ka je ka kawo mana farin yadi."

Na sa rigata mai kyau na tafi. Mai shagon da muke saye a wurinta wata babbar mace ce, a shekaru ta haife ni ta kuma haifi yayana, tana zaune a tsakiyar atamfofinta kamar alƙali. Na tsaya a gabanta, na gyara murya, na ja gaisuwa yadda aka koya mini, sannu a hankali, har da ɗan nishin da Mama ke yi a tsakiya. Na ce mata, "Ɗiyata, kin tashi lafiya? Yaya yaran? Allah ya raya mini ke."

Ta dube ni sama da ƙasa. Sannan ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta kira maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta kira wata, kafin in ankara mata sun kewaye ni. Mai shagon ta juyo ta ba ni amsa, kuma wallahi ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Kalmomin da na sani ne, na tabbata, amma duk sun manne da juna, ba kai ba gindi. Na ce mata "blewu", wato a hankali. Wannan ya ƙara tayar da su. Wata Bayarabiya mai jin Hausa ce ta tausaya mini, ta share hawayen dariya ta ce, "Malam, tambaya suke, wace tsohuwa ce ta shiga cikinka?"

Yadin dai na samu, amma ba su bar ni na tafi ba sai da na sa wa kowace albarka. Daga ranar sunana a layin nan ya zama Mama.

Na dawo shago raina a ɓace. Kawu ya karɓi yadin, ya duba shi, ya duba fuskata, bai tambaye ni komai ba. Kafaɗunsa ne kawai suka riƙa rawa a kan keken.

Washegari ina jiran tsohuwar in kai mata ƙara, sai na jiyo hayaniya a bakin hanya. Wani mai amalanke ne ya bangaje kwandonta, gawayi ya watse a ƙasa. Na fito da gudu don in taimaka, sai na tsaya cak. Mamata ce, mai jan kalma kamar tana jan guga daga rijiya, take zazzaga wa mutumin magana da gudun da ya fi na matan Adawlato. Bai samu inda zai saka ko da "a'a" ba. Ya tsince mata gawayin tas, ya ja amalankensa ya wuce.

Da ta zauna na ce, "Mama, ashe kina da wannan gudun kika ɓoye mini?"

Ta dawo da muryarta ta kullum, ta ce, "Vinye, wanda bai yi haƙori ba, koko ake dama masa."

Na ba ta labarin abin da ya same ni. Ta yi dariya har da tari. Na ce ai laifin yarensu ne, mutane su riƙa magana kamar ana korarsu. Nan ta daina dariya, ta dube ni da mamaki na gaske.

"Mu? Mu ne masu sauri? Shekara nawa ina shiga zangon nan, har yau ban san inda kalmarku take farawa ba." Sai ta miƙe zaune, ta kumbura murya, ta kwaikwaye mu: "Inakwanainagajiyayayagidayayayara!" Ta ce, "Kuma ku biyu a lokaci ɗaya, ba mai jiran wani. Jamusawa da na sani, magana suke kamar suna faskare, ka ji kowane sara. Faransawa kamar ana zuba ruwa a tulu. Amma ku ƙanƙara ce a kan kwano."

Na ce sam, Hausa ai a natse ake yin ta. Amma da azahar, a ƙofar masallaci, na kasa kunne ina jin dattawa biyu suna gaisawa, na gwada jin su da kunnenta. Kunya ta kama ni. Da na gaya wa kawu sai ya ce, "Ba bakinsu ne ke gudu ba, kunnenka ne ke rarrafe. Nata ma haka."

Daga nan muka sake tsari. Ta daina dama mini koko. Kowane mako takan ƙara gudu kaɗan, in na ce "blewu" ta yi kamar ba ta ji ba. Wata rana, bayan watanni, ina tsaye a kasuwa wata mai kifi ta yi wa wani ɗan dako ba'a, sai na ji kaina ina dariya kafin in tuna cewa da Minanci ta faɗa.

Ni kuma na ɗauki nauyin koya mata Hausa, dalla-dalla, kamar yadda ta yi mini. Ta fi ni haƙuri, amma ta fi ni gaggawar nuna abin da ta iya. Mako uku kacal da farawa, liman ya zo wucewa ta ƙofar shagonmu, dattawa na biye da shi. Mama ta miƙe, ta russuna, ta buɗe baki a hankali yadda kowa zai ji, ta gaishe shi da irin gaisuwar da ni nake yi mata kullum.

"Kin kwana lafiya? Yaya gwiwar taki?"

Dattawan suka sunkuyar da kai, wani ya toshe baki da hannun riga. Liman mutum ne mai sanyin hali. Ya tsaya, ya amsa mata da irin jan da ta yi, "Lafiya lau, Mama. Gwiwa da sauƙi."

Ta dawo benci tana murna, ta ce mini ga mutum ɗaya a duk zango da ya iya magana kamar ɗan Adam. Da la'asar liman ya tare kawu bayan salla, ya ce yana so a nuna masa malamin da ke karantar da tsohuwar nan, yana da 'yar magana da shi.