Ungozoma Tsakanin Gida Biyu

A gidanmu na Ƙofar Dumi, da an kwashe tuwo bayan magariba, kakarmu Dada takan jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu. Ba ta yarda a kashe garwashi, wai gwiwoyinta na son ɗumi. Mu jikoki sai mu kewaye ta, hannuwanmu na ƙanshin daddawa.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

"Ta iso mu ji ta, Dada!"

Cikin tatsuniyoyinta akwai guda da ta fi damuna. Wata ungozoma ce, ita kaɗai a ƙauyensu. Ran nan maza biyu suka yi mata sallama lokaci guda, kowanne matarsa na kan gwiwa, ɗaya gabas da rafi, ɗaya yamma. Ta tsaya a bakin ƙofa, mayafi a hannu. Ta bi na gabas, don haihuwar fari ce. Uwa da ɗa suka tashi lafiya. Kafin ta haye rafi, ta yamma ta cika. Daga ranar ba ta ƙara cin naman suna ba.

"Dada, ta yi laifi?" na tambaya.

"Ko kaɗan."

"To me ya sa take horar da kanta?"

"Ke dai Hauwa, tashi ki yi alwala, an kusa kiran isha."

Yanzu falsafar ɗabi'a nake koyarwa. Cikin waɗanda muke karantawa akwai wani Bature na zamaninmu, wanda ya tuƙa jirgin saman soja kafin ya koma koyarwa. Ya ƙare rayuwarsa yana jayayya da masu cewa kowace matsala tana da amsar da za ta wanke mutum tas. A ganinsa, kana iya zaɓar daidai, amma abin da ka bari ya yi ta binka, kuma wanda bai ji wannan nauyin ba shi ne abin tsoro.

Na yi shekaru ina faɗin haka a aji kamar hadda. Bara ɗana ya suma da zazzaɓi. Muna asibiti mahaifiyata ta kira ni: "Ƙirjina ne, Hauwa, amma zauna da yaron." Na zauna. Ya farfaɗo da la'asar. Ita kuwa na tarar an rufe mata fuska.

Kowa ya ce ba laifina ba ne, na kuma yarda. Amma har yau, in na hau keke napep daga unguwar Gwallameji, nakan ce a zagaya da ni, kada mu gifta unguwar mahaifiyata.

Makon jiya ina koyar da ra'ayin Baturen nan, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, to yaya mutum zai fita daga ciki?"

Na rufe littafin Baturen.

"Bai ce ana fita ba," na ce mata.