Yadda Na Kori Matan Tsakar Gidanmu

Shekarar da muka gama sakandare, ƙawayena duk suka samu makaranta suka tafi, ni kuwa sunana ya ƙi fitowa. Da farko kullum muna waya. Daga baya idan na tura saƙo ranar Litinin sai Juma'a amsa ta zo, ita ma ba ta wuce "wallahi lakca ce ta riƙe ni."

Abin da ya rage mini a duk faɗin Azare shi ne tsakar gidanmu. Umma mai gyaran jiki ce, a wurin kakarmu da ta zo daga Borno ta gaji sana'ar. Tana yi wa mata dilka da halawa, tana turara su har sai mace ta fito tana ƙamshin da zai tsayar da mai babur a titi. Ɗaki ɗaya ne na aikin, mace ɗaya ke shiga, sauran su baje tabarma a gindin darbejiya suna jiran layi. A tabarmar nan nake wuni. A nan na san wadda mijinta ya sayi firji ba wuta, da wadda surukarta ke ƙirga naman miya. Su ne suke tsokanata, su ne suke tambaya ko na ci abinci. Ban da su ba wanda ke kiran sunana daga safe zuwa yamma sai Umma, ita ma don in hura garwashi.

Shugabarsu wata Hajiya ce da ke zuwa daga Shira duk ranar kasuwa. Kafin ta gama cire takalmi ta fara mita.

"Auta, kina ganina? Da baƙin gashi na zauna a tabarmar nan, ga shi furfura ta fito. Ki gaya wa uwarki idan na mutu a layi ita za ta yi mini wanka."

"Hajiya, yanzu fa kika shigo."

"Ji 'yar nema! To a zuciyata na daɗe."

Ana haka sai yayana da ke koyon kwamfuta a Kano ya kira, ya ce lokaci ya yi da Umma za ta samu shafinta a intanet. Ni zan tsara, shi zai gina. Na ji kamar an ba ni kujerar gwamna. Na ciro tsohuwar kalanda daga bango na juya bayanta na fara zane. Nan sunan sana'a, nan kwalaben humra da turaren wuta, nan hotunan mata kafin gyara da bayan gyara. Umma ta leƙo ta tambayi wancan akwatin na mene ne. Da na gaya mata ta dafe ƙirji.

"Ƙaurin matar wani zan baza wa duniya? So kike mazan garin nan su taru a ƙofar gidana?"

Na soke akwatin hotuna.

Sai Yaya ya ce shafi mai kyau matsala yake warwarewa, in gano abin da ya fi damun masu zuwa. Ai ban ma yi tunani ba. Jira! Kullum kuka suke da jira. Ya ce to mu sa wurin da kowace za ta zaɓi ranarta da lokacinta, ta zo a yi mata ta tafi, ba layi ba mita. Amma kafin ya ɓata datarsa, in gwada ta waya na 'yan makonni mu gani. Umma ta ce, "To, ku ne 'yan boko."

Na bi su ɗaya ɗaya na raba musu lokaci kamar likitan asibiti. Ke ƙarfe tara, ke sha ɗaya, ke bayan azahar. Wadda ta zo da wuri na ce ta je ta dawo. Allah ya sani na ji daɗin faɗin haka.

Tsarin ya yi aiki. Ya yi aiki fiye da yadda na roƙa. Mace ta zo ita kaɗai, ta shiga ɗaki, ta fito, ta tsaya tana waige-waige, ta ce a gaida mutan gida, ta fice. Tsakar gida ta yi tsit har ina jin ƙadangare yana haɗiyar yawu. Na shimfiɗa tabarma na zauna a tsakiyarta ni kaɗai, na koma wannan gefe, na koma wancan. Na fara gaishe da akuyarmu da safe. Wata rana na ba ta labarin mai firji tun daga farko, ta juya mini baya.

Ranar kasuwa Hajiya ta zo daidai lokacinta. Ta tsaya a bakin zaure tana duban gindin darbejiya.

"Auta, rasuwa aka yi ba a gaya mini ba?"

"A'a Hajiya, tsari ne."

"Tsari." Ta jinjina kai. "To Allah ya ba tsari lafiya."

Ba ta yi mita ko ɗaya ba. Aka yi mata dilka ta tafi, ko shayin da Umma ta dafa ba ta tsaya sha ba. Kasuwa ta zagayo ba ta zo ba. Ta sake zagayowa, shiru.

Umma ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai in sa hijabi in bi gidaje in ce an soke lokaci, kowa ta zo sanda ta ga dama. Gidan farko aka ce matar tana wurin kitso. Gida na biyu ma haka. Na nufi gidan mai kitson da ke bayan layinmu, tun daga waje na ji shewa. Ga su nan reras a kan tabarma, har da waɗanda kansu a kitse yake tsaf. Hajiya na tsakiya tana ɓare gyaɗa.

"Ga shugabar tsari! Ku gyara zama, kada ta ba mu lokacin yin dariya."

Na durƙusa na gaishe su na isar da saƙon Umma. Hajiya ta miƙo mini gyaɗa.

"'Yar nan, kin ga fatar nan tawa? Ko da dutsen niƙa aka goge ta ba za ta koma ta amarya ba. Kina zaton don ita nake shiga mota daga Shira?"

Suka yi dariya, suka ce za su zo, in gaida Umma. Sun zo kuwa, ba su yi ƙarya ba. Sai dai kowace idan an gama mata sai ta ɗauki mayafi ta ce bari ta leƙa bayan layi, an bar wata magana a rabi. Mai kitso tana da inuwa babba, ga ta da bakin zuba, ga shi ba ta da auta mai kalanda.

Na kira Yaya na ce ya cire wurin zaɓar lokaci. Ya ce ai bai ma fara ba, jarrabawa yake, mu bari sai hutu. Shi ma ya koyi cewa lakca.

Ranar wata kasuwa na zauna a bakin ƙofa na fara tsefe kaina. Umma na kan tabarma ita kaɗai tana tsince itacen turare a faranti, ba ta da kowa sai bayan la'asar.

"Kitson shekaranjiya kike tsefewa?"

"Ya yi mini tsauri ne, Umma."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Na gama na sa hijabi, har na kai zaure ta kira ni.

"Auta. Idan kin je ki zauna kusa da Hajiya. Ki ji mini ko 'yarta ta haihu, kuma mace ce ko namiji. Kada ki dawo mini da rabin labari."

Na ce to. Da na waiga ta mayar da kanta kan farantin.