Mandin Da Na Kira Sammu

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da biyu a Jidda, ina tuƙa motar kaya a unguwar Kurayyat, ina ganin na fi kowa sanin gari. Bokona bai wuce aji huɗu ba, Larabcina kuwa na baki ne, ba na karantawa. Zuciyata ta riƙa bugawa ba ƙa'ida, likita ya ce za a zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙona wurin da ke kawo matsalar. Aka yi, aka sallame ni da takarda. Girman kai ya hana ni nuna wa kowa, na jefa ta aljihun mota.

Kwana uku da sallama, aminina da muka hau jirgi ɗaya daga Kano ya zo dubiya daga unguwar Hindawiyya da farantin mandi, shinkafa da naman rago, girkin matarsa. Na ci. Cikina ya kumbura kamar ganga, washegari na amayar da shinkafar yadda na haɗiye ta. Daga nan loma uku ta ishe ni, na rame har wando ba ya zama. 'Yan majalisarmu, da ko allura ba su iya ba, suka ce sammu ne, kuma kowa ya san abincin wa na fara ci. Ni kuma, jaki, na yarda. A ƙofar masallaci bayan Juma'a na ja wa aminin nawa Allah ya isa a gaban jama'a.

Wata biyu ina shan rubutu. Sai matata, haihuwar nan Jidda, mai karanta Larabci, ta tsinci takardar. A ciki an rubuta cewa jijiyar da ke motsa ciki tana bi ta bayan zuciya, zafin aikin kan taɓa ta, wanda ya ga kumburi ko amai ya koma asibiti da gaggawa. Likita ya tabbatar, ya ba ni magani, ya ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini da baki, wai ai ya rubuta. Har yau in na tuna raina tafasa yake.

Da na samu sauƙi na je Hindawiyya neman gafara. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na yafe, halas, ya wuce. Amma ɗan'uwa, abincin gidana ba zai ƙara shiga bakinka ba."

Duk wanda za a taɓa wa zuciya, ya tsare likita da tambaya har kan cikinsa, ya kai takardarsa wurin mai karatu. Majalisa ta shan shayi ce, ni na mai da ita asibiti. Yanzu ina iya cinye faranti guda, amma ba mai kawo mini.